Taɓin hankali da galahanga: Me ke jawo su, kuma yaya ake gane su?

A garin Mai'adua da ƙauyukansa, kamar sauran sassan masarautar Daura, idan yaro ya shekara uku bai fara magana ba, ko kuma saurayi ya shiga yin surutai shi kaɗai, ba kasafai ake fara nufar asibiti da shi ba.

Akan ce iska ce, ko sammu, ko kambun baka, sai a nemi rubutu da hayaƙi. Wanda ya gagari iyayensa kuma, wani lokacin sai a kai shi gidan mari.

A watan Oktoban 2019, 'yan sanda sun kuɓutar da mutane fiye da 60 daga wani irin wannan gida a garin Daura, da dama daga cikinsu da mari a ƙafa. Wata guda bayan nan, ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Human Rights Watch ta ce dubban masu taɓin hankali ne ke ɗaure a wurare daban-daban a Najeriya.

Ba duka waɗanda ake kaiwa irin waɗannan gidaje ne ke da taɓin hankali ba. Amma da wuya a sami wanda likita ya duba kafin a ɗaure shi.

Ba cuta ɗaya ba ce

Abin da jama'a ke haɗawa su kira hauka, a wajen likitoci cututtuka ne masu yawa, kuma kowace da maganinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ɗaya daga cikinsu. Waɗanda suka fi yawa su ne ciwon fargaba da ciwon damuwa mai tsanani, kuma masu su ba sa yawo a bola. Suna zuwa gona da kasuwa, suna dai kukan rashin barci, da faɗuwar gaba, da mutuwar jiki.

Wadda ta fi kama da abin da ake kira hauka ita ce sikizofireniya, inda mutum ke jin muryoyin da babu su, ko ya haƙiƙance cewa ana farautar ransa. Tana kama kimanin mutum ɗaya cikin 300, galibi daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da wani abu.

Masana sun ce babu wani dalili guda da ke haddasa waɗannan cututtuka. Akwai gado, sai dai abin da ake gada shi ne sauƙin kamuwa, ba cutar kanta ba. Abin da ke tayar da ita kan zo ne daga rayuwa: mutuwar makusanci, karayar arziki, duka da cin zarafi tun ana yaro, ko firgicin wanda ya ga kisa da idonsa.

Shaye-shaye ma na da nasa kason, musamman tabar wiwi ga wanda ya fara ta da ƙananan shekaru. Akwai kuma ruɗewar da ke samun mace ɗaya ko biyu cikin dubu a makonnin farko bayan haihuwa, wadda akan ɗauka shafar aljanu ce, alhali tana jin magani idan an hanzarta.

Galahanga

Larurar da likitoci ke kira otizim, wadda kafofin watsa labarai na Hausa ke fassarawa da galahanga, ba taɓin hankali ba ce. Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma, kuma yana farawa tun yaron na ciki.

Kalmar galahanga ita kanta tana kawo ruɗani, domin a bakin jama'a takan haɗa har da yaran da wuyansu bai tsaya ba, da masu jinkirin fahimta, waɗanda larurarsu daban ce.

Wani likita a Amurka, Leo Kanner, shi ne ya fara bayyana otizim filla-filla a shekarar 1943, bayan ya yi nazarin yara 11. Ƙiyasin da WHO ta yi amfani da shi na shekarar 2021 ya nuna cewa kimanin mutum ɗaya cikin 127 na da ita, kuma an fi gano ta a jikin yara maza.

Uwa ce kan fara lura. Yaron ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ba ya haɗa ido, ba ya nuna abu da yatsa don a gani tare da shi. Yana iya yini yana jujjuya murfin kwano, ko ya toshe kunnuwansa idan injin niƙa ya tashi. Wani ma sai ya fara faɗin 'yan kalmomi, sannan ya daina.

Larurar hawa-hawa ce. Akwai wanda zai yi karatu har jami'a, akwai kuma wanda zai buƙaci mai kula da shi har ƙarshen rayuwarsa.

Gado ne ke da kaso mafi tsoka. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2019, kan yara kimanin miliyan biyu a ƙasashe biyar, ya danganta kusan kashi 80 cikin ɗari na haɗarin kamuwa da ita da ƙwayoyin halitta. Sauran abubuwan da ke ƙara haɗarin sun haɗa da haihuwar bakwaini, da doguwar naƙudar da ta hana jariri numfashi, da manyantar uwa ko uba, da kuma shan maganin farfaɗiya na valproate lokacin goyon ciki.

Allurar rigakafi ba ta cikinsu. Zargin ya samo asali ne daga wani rahoto da likita Andrew Wakefield ya wallafa a Birtaniya a 1998. Mujallar Lancet ta janye rahoton a 2010, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitoci. A 2019, wani bincike kan yara fiye da dubu 650 a ƙasar Denmark bai ga wata alaƙa tsakanin allurar ƙyanda da otizim ba.

Wannan batu na da muhimmanci a arewacin Najeriya, inda jita-jita ta taɓa sa aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar Kano daga 2003 zuwa 2004. Ita kuwa ƙyandar da ake wa rigakafin, tana iya kurmantar da yaro.

Yadda ake ganewa

Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna otizim, ko ciwon damuwa, ko sikizofireniya. Wannan kan sa wasu iyalai su ga kamar likita bai yi komai ba, tunda tambayoyi kawai ya yi.

Tambayoyin su ne aikin. Likita zai so ya ji yaushe abin ya fara, yadda aka haifi yaron, watannin da ya yi kafin ya zauna ko ya yi tafiya, ko akwai mai irin larurar a dangi, da ko maras lafiyar na shan wani abu. Daga nan zai auna abin da ya ji, da wanda ya gani, da ƙa'idojin da ke cikin kundin cututtuka na WHO, wanda bugunsa na 11 ya fara aiki a watan Janairun 2022.

Shi ya sa zuwa da uwa, ko kakar da ta yi rainon yaron, ya fi amfani a kan turo wani kawu daga birni.

Gwaje-gwajen da ake yi na kawar da wasu cututtuka ne, kuma a yanki irin Mai'adua suna da yawa. Ƙaramar hukumar, wadda ke kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, tana cikin zirin sanƙarau da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. Sanƙarau kan bar yaro da kurumta, zazzaɓin cizon sauro kuma idan ya hau kai yakan bar lahani a ƙwaƙwalwa. Don haka yaron da ba ya magana, kunnensa ake fara aunawa.

Farfaɗiya ma ba taɓin hankali ba ce, kuma ba a ɗaukar ta daga yawun mai ita. Babban mutum da ya ruɗe farat ɗaya tare da zazzaɓi kuwa, ciwon jiki ake fara nema, cikin gaggawa.

Ana iya gane otizim tun yaro na da shekara biyu. Babu maganin da ke warkar da ita, amma koyar da yaro magana da mu'amala tun da wuri na sauya rayuwarsa ƙwarai.

Ƙarancin likitoci

Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan birane ne. Mutumin Mai'adua da aka tura wajen ƙwararre, sai ya nufi Katsina, ko Kano inda asibitin Dawanau da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano suke, ko kuma Kaduna.

Tun 2008 WHO ta ɓullo da wani shiri na horar da ma'aikatan jinya da na ƙananan asibitoci, domin su riƙa gano waɗannan cututtuka a kusa da gida.

A watan Janairun 2023 ne aka sanar cewa shugaban ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, wanda ɗan Daura ne, ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ta maye gurbin dokar 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka, wadda ta fi mayar da hankali ga tsare maras lafiya a kan yi masa magani.