Mai Sayar Da Gado Da Ya Guje Wa Rabon Gado

Duk wadda aka taɓa yi wa jere ta san darajar gado da kujeru. To yau labarin wani mai sayar da su zan ba ku, wato Ingvar Kamprad, mutumin ƙasar Suwidin, wanda ya kafa kamfanin IKEA a 1943 yana ɗan shekara 17.

Da arziki ya bunƙasa, sai abu biyu suka tsaya masa a rai: nauyin harajin ƙasarsu, da tsoron kada kamfanin ya wargaje bayan ransa. A 1973 ya bar ƙasar, daga baya ya zauna a Suwizalan. A 1982 ya miƙa shagunan ga wata gidauniyar taimako mai suna INGKA a ƙasar Holan, kamar dai waƙafi a wurinmu, ba na kowa ba ne balle a gada.

Amma fa akwai lauje cikin naɗi. Sunan IKEA kansa wani kamfani daban ke riƙe da shi, kowane shago yana biyan sa kashi 3 cikin ɗari na ciniki. Sai a 2011 gidan talabijin na Suwidin ya tona cewa wata gidauniya da mutumin ya kafa a Liechtenstein ce ta mallaki wannan kamfanin. Tun a 2006 mujallar Economist ta ƙiyasta dukiyar INGKA dala biliyan 36, amma abin da ake fitarwa sadaka bai taka kara ya karya ba. A 2016 wasu 'yan majalisar Turai suka zargi IKEA da zille wa harajin kusan Yuro biliyan ɗaya, kamfanin ya ce shi bai karya doka ba.

Kada in ci haƙƙinsu, daga baya sun buɗe hannu, sun taimaki 'yan gudun hijira a Habasha. Kamprad ya rasu a 2018 yana da shekara 91, kamfanin bai rabe ba.

Ni kam na ga yadda rabon gado ya kashe shagon kawuna cikin shekara guda, don haka ban raina dabarar mutumin ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a kira ajiya da sunan kyauta. Ke 'yar'uwa, in kin ba maƙwabciyarki tukunya amma murfin yana ɗakinki, kin bayar ke nan? Allah Ya tsarkake mana niyya, amin.