Tarihin Tsinken Nuni na Kwamfutar Cinya da Yadda Saitinsa Ya Salwanta a Hannun Direbobi

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin sawun wata 'yar ƙaramar na'ura, watau jan tsinken nan mai hular roba da akan gani a tsakiyar madannan wasu kwamfutocin cinya, tsakanin haruffan G da H da B, wanda ake tunkuɗawa da ɗan yatsa domin a motsa kibiyar da ke bisa allo. Kamfanin IBM ya raɗa masa suna TrackPoint, amma a nan za mu kira shi tsinken nuni. Da yawa daga cikin mahalarta wannan taro sun san shi a jikin kwamfutocin ThinkPad 'yan gwanjo, ko da ba su taɓa aiki da shi ba. Waɗanda suka saba da shi kuwa sun daɗe suna kukan cewa saitinsa ya ragu: a nufi tsakanin haruffa biyu kibiya ta tsallake, ko a taɓa shi a hankali ta ƙi motsi, sa'an nan ta zabura. Takardar za ta yi ƙoƙarin nuna cewa tushen wannan matsala wata shawara ce da aka yanke tun farkon fitowarsa, wadda ita ce kuma ta ba shi karɓuwa. Abin da muke nufi da direba shi ne 'yar manhajar da ke yin tafinta tsakanin na'ura da babbar manhajar kwamfuta.

Asali

Kafin a haifi tsinken nuni, masana sun riga sun yanke wa danginsa hukunci. Cikin shekarar 1978 Stuart Card da William English da Betty Burr, na cibiyar bincike ta Xerox PARC a Kalifoniya, suka buga sakamakon gwajin da suka yi na na'urorin nuni iri huɗu. Daga cikinsu akwai linzamin kwamfuta, wanda Turawa ke kira ɓera, akwai kuma wata sanda wadda ba ta motsi sai dai ta auna ƙarfin turawa. Linzami ne ya yi zarra wajen sauri da ƙarancin kuskure. Dalilin a fili yake. In ka ja linzami taku ɗaya, kibiya ta yi tafiya gwargwadon wannan taku, watau nisa ake fassarawa zuwa nisa. Ita kuwa sanda, ƙarfi ake fassarawa zuwa gudu, don haka mai riƙe da ita kamar mahayi ne wanda dole ya san lokacin da zai ja ragama tun kafin ya isa inda ya nufa.

Ted Selker ya fara aiki kan tsinken cikin 1984, bisa hujjar cewa mai buga rubutu yakan ɓata kimanin kashi uku cikin huɗu na sakan wajen ɗauke hannu daga madannai zuwa linzami, da kusan haka wajen komowa. Bayan ya koma IBM, shi da Joseph Rutledge suka shafe shekaru suna gwaji da mutane, suka gabatar da abin da suka gano a taron INTERACT na 1990 a Kambirij ta Ingila.

Abin da suka gano shi ne zuciyar maganarmu, saboda haka ya kamata mu ɗan dakata a kansa. Sun lura cewa in aka ce gudu ya riƙa ƙaruwa kai tsaye gwargwadon ƙarfi, ba wanda zai iya saiti, domin yatsan ɗan Adam ba ya iya riƙe ƙarfi ɗaya ba tare da rawa ba. Sai suka tsara ƙa'idar fassara mai kama da matakala. Da farko akwai gurbin da taɓawa kaɗan ba ta haifar da motsi. Daga nan sai dakali na ƙasa, inda ko ƙarfin yatsa ya ɗan sauya, kibiya na tafiya da gudu ɗaya a hankali, wanda ya dace da zaɓen harafi guda. Sama da shi akwai dakali na biyu, a kan iyakar gudun da ido ke iya bi ba tare da kibiya ta ɓace masa ba. Sai an wuce wannan ne gudu ke hawa sosai, domin mai son ƙetare allo gaba ɗaya. Cikin 1995 kuma, su da Robert Barrett da Robert Olyha suka bayyana wata dabara da aka sa a TrackPoint III, wadda ke zuzuta duk wani sauyi na ƙarfi, ta yadda kibiya ke tashi da hanzari in an tura, ta kuma ja birki da hanzari in an saki. Ma'aunan lanƙwasa da ke gindin tsinken abu ne sananne ga injiniyoyi tun da daɗewa. Wannan ƙa'ida ita ce ƙirƙirar.

Rigar linzami

A watan Oktoba na 1992 aka fito da ThinkPad 700C ɗauke da tsinken. To, a ina za a ajiye ƙa'idar fassarar? Da an sa ta cikin direba, da sai an rubuta sabon direba ga kowace babbar manhaja. Abin da aka yi shi ne aka dasa ta cikin guntun na'urar da ke ƙarƙashin madannai, aka kuma sa tsinken ya yi magana da yaren linzami na PS/2, wanda IBM ya kafa tun 1987. Ta haka duk manhajar da ta san linzami ta karɓe shi ba tambaya. Ta fuskar ciniki shawara ce mai kyau ƙwarai, kuma ba na jin wani mai hankali a wancan lokaci zai zaɓi wata.

Sai dai yaren PS/2 matalauci ne. Kowane saƙo bayit uku ne: na farko na maɓallai da alamar gaba ko baya, na biyu na tafiyar dama da hagu, na uku na sama da ƙasa. Lambobin cikakku ne, daga -256 zuwa 255, ba rabi ba rubu'i, kuma bisa al'ada saƙo 100 ake aikawa a sakan ɗaya. Ƙarfin da yatsa ya sa ba ya isa ga direba ko kaɗan. Abin da ke isa gare shi shi ne ƙirgen taku da guntun na'urar ya riga ya lissafa. In an tura a hankali, tsinken yakan aiko da lamba 1 jefi-jefi. Ƙarfi na ƙaruwa tazarar na raguwa, har ta kai iyakar saurin aikawa, daga nan ne lambar kanta ke fara girma.

A kan allon 700C, mai inci 10.4 da ɗigo 640 a kwance, 480 a tsaye, wannan bai dami kowa ba, don taku ɗaya ɗigo ɗaya ne. Da allo ya kai ɗigo 1920 har zuwa 3840 a kwance, tilas direba ya ninka lambobin, kuma a nan ne asara ke shigowa ta ƙofa biyu. Alal misali, in an ninka kowace lamba sau 3, mafi ƙarancin motsi ya zama ɗigo 3, ɗigo biyun da ke tsakani kuwa ba yadda za a yi a tsaya a kansu. In kuma aka rage, a ce aka ɗauki rabin kowace lamba aka zubar da ragowa, to 1 ta koma sifiri, kibiya ta ƙi motsi. Saƙon da ya ce taku 2 dama da taku 1 sama sai ya koma 1 dama kawai, layin da ya kamata ya karkata ya miƙe sambal. Maganin wannan ta biyu sananne ne, watau a ajiye ragowar a tara ta da saƙo na gaba, kamar yadda Windows XP ya yi cikin 2001. Ta farko kuwa ba ta da cikakken magani a wajen direba, domin abin da ba a aiko ba ba ya ƙirƙiruwa, sai dai a yi kirdado.

Daɗin daɗawa, babbar manhaja da ta ɗauka linzami ne sai ta ɗora masa ƙarin gudu irin na linzami. A tsohon tsarin X na manhajojin Unix da Linux, al'adar ita ce in motsi ya wuce taku 4 a ninka shi biyu. Ke nan an yi fassara a kan fassara, dakalin da Selker da Rutledge suka sha wahalar daidaitawa da gudun ido ya tashi daga inda aka ajiye shi. Akwai kuma wata illa ta cikin gida: saboda zafi da tsufa na sauya ma'aunan, guntun na'urar yakan ɗauki duk ƙarfin da ya daɗe bai sauya ba a matsayin sabon sifiri, don haka mai tura kibiya a hankali na tsawon lokaci yakan ga ta tsaya, in ya saki kuma ta yi ta sulalewa baya da kanta.

Bayan IBM

Cikin 2005 abubuwa biyu suka faru. Lenovo na ƙasar Sin ya kammala sayen sashen kwamfutocin IBM, kuma Stephen Evanchik ya shigar da direba na musamman ga tsinken cikin Linux. Wannan direba ya buɗe wa mai kwamfuta ma'aunan da ke cikin guntun na'urar, kamar na saurin ji wanda asalinsa 128 ne, da na gudu wanda asalinsa 97 ne, kowanne tsakanin 0 da 255. Amfanin wannan babba ne, domin gyaran da aka yi a can ciki yana aukuwa kafin a mayar da lissafi cikakkiyar lamba, don haka ba ya jawo asarar da muka bayyana.

Amma sannu a hankali wasu kamfanoni, irin su ALPS da Elan da NXP, suka shiga ƙera tsinken, kuma nasu bai san mafi yawan umarnin na asali ba. Har ta kai cikin 2018 Dmitry Torokhov, mai kula da sashen na'urorin shigarwa na Linux, ya gyara direban ya daina nuna ma'aunan da ba sa aiki a irin waɗannan. Ma'aunin gudu yana cikin waɗanda suka ɓace. Hula ja iri ɗaya ce a sama, abin da ke ƙasa ya bambanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta.

Nauyin ya faɗa kan libinput, manhajar da ta gaji aikin sarrafa na'urorin nuni a Linux, wadda Peter Hutterer na kamfanin Red Hat ke jagoranta, kuma wadda ta kai fitowa ta 1.0 cikin 2015. Ga linzami aikin da sauƙi, don ana iya sanin yawan takunsa a inci ɗaya, a daidaita kowa bisa mizanin 1000. Tsinke kuwa ba ya tafiya ko inci ɗaya, balle a auna shi haka. Da farko an dogara ga wani kundi na systemd inda aka rubuta lambar gyara ga kowane samfurin kwamfuta. A fitowa ta 1.9, cikin 2017, aka sake tsarin bisa iyakar lambar da kowane tsinke ke iya aikowa, abin bai gamsar ba. A ta 1.12, cikin 2018, aka sake shi kuma, aka koma ga lambar ninki guda ga kowane samfuri, wadda masu kwamfutar ne da kansu ke gwadawa su aiko. A ganina bai kamata a ɗora wa waɗannan mutane laifi ba, duk da yawan ƙorafin da aka yi musu. An ba su ƙirgen taku ne daga na'urori iri-iri aka ce su gano ƙarfin yatsan da ya haife shi, aikin da a IBM aka yi da ɗakin gwaji da ainihin ma'aunin ƙarfi a hannu.

Cikin 2023 fitowa ta 1.23 ta ba mai kwamfuta damar zana tasa ƙa'idar gudun da kansa, wanda ke nufin ana iya kwaikwayon dakalin nan biyu daga waje, amma har yanzu a kan cikakkun lambobi. A wannan tsakani faifan shafa, wanda Apple ya yaɗa tun daga PowerBook 500 cikin 1994, ya riga ya ci kasuwa, masu aiki da tsinke suka zama 'yan tsiraru. A watan Janairu na 2025 Lenovo ya nuna ThinkPad X9, kuma babu tsinke a tsakiyar madannansa.