Wa Ke Riƙe da Alƙalamin Jarrabawa? Cin Gashin Kan Kwalejoji a Indiya

A shekarar 1857 Turawan Ingila suka kafa jami'o'i uku a Indiya: Kalkata da Bombai da Madaras. Babu wadda aka kafa domin ta koyar. An gina su ne bisa tsarin Jami'ar Landan ta wancan zamani, wadda aikinta shi ne tsara manhaja da shirya jarrabawa da ba da digiri, karatun kuwa a kwalejoji ake yin sa. Landan ta daɗe da sauya hali, amma Indiya ta riƙe tsarin har ya zame mata ƙashin bayan ilimi mai zurfi. A yau ƙasar tana da kwalejoji sama da 40,000, akasarinsu goye a bayan wata jami'a, kuma Jami'ar Mumbai (Bombai ta da) kaɗai tana ɗauke da fiye da 700.

Illar tsarin a fili take. Malamin da ke shiga aji ba shi ya zaɓi abin da zai koyar ba, ba shi zai fitar da tambayoyi ba, kuma takardun ɗalibansa wani ne da bai taɓa ganinsu ba zai duba. Tunda manhaja guda za ta yi wa ɗaruruwan kwalejoji aiki, dole a saukar da ita daidai ƙarfin mafi rauni a cikinsu. Gyara darasi ɗaya kan ci shekaru, sakamako kan makara, ɗalibi kuma ya gane cewa haddace tambayoyin bara ya fi sauraron malami riba.

Kwamitin ilimi na Kothari, wanda ya yi aiki daga 1964 zuwa 1966, shi ya ba da shawarar a zaɓi kwalejojin da suka nuna ƙwazo a sakar musu mara. Sai a 1978 aka fara aiwatarwa a jihar Tamil Nadu, inda kwalejoji irin su Loyola da Madras Christian College suka sami wannan matsayi. Kwalejin da ta samu takan tsara kwasa-kwasanta, ta shirya jarrabawarta, ta duba, ta fitar da sakamako. Amma digirin na uwar jami'a ne, sai dai a rubuta sunan kwalejin a jikin takardar. Matsayin ma da farko na wa'adi ne, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasar, wato UGC, ita ke bayarwa, ita ke sabuntawa bayan an sake tantance makarantar.

Ra'ayina shi ne ainihin abin da ke sauyawa a nan alƙalamin jarrabawa ne. Duk wanda ya riƙe shi, shi ke yanke abin da ɗalibi zai ɗauka da muhimmanci, ko me manhaja ta faɗa. Shi ya sa tambayar da ta fi cancanta ba ita ce ko kwaleji ta sami 'yanci daga jami'a ba. Tambayar ita ce: da alƙalamin ya bar hannun jami'a, a hannun wa ya faɗa?

A takarda, amsar tana da daɗi. Ƙa'idojin UGC na 2018 sun tanadi kwamitin manhaja a kowane sashe, wanda ya ƙunshi malaman sashen da masana daga waje da wakilin shugaban jami'a da wakilin masana'antu da tsohon ɗalibi guda. Sama da shi akwai majalisar harkokin karatu. To amma sama da su duka akwai majalisar gudanarwa, kuma a kwaleji mai zaman kanta masu makarantar suna da kujeru biyar a ciki, malamai biyu kacal. Su biyun ma shugaban kwalejin ne ke gabatar da su. Idan aka haɗa wannan da ikon buɗe sababbin kwasa-kwasai waɗanda kuɗin ɗalibai ne ke ɗaukar nauyinsu, za a ga inda ƙarfin yake karkata. Kwas ɗin da kasuwa ke so zai bunƙasa, falsafa da harsuna su tsuke. Malamin da aka ɗauka kwantiragin wata goma kuwa ba zai yi jayayya da mai biyansa albashi a kan makin ɗalibi ba.

Wannan ne ya sa, da Kwalejin St. Stephen's ta Delhi ta nemi matsayin a 2017, malamanta da dama da ƙungiyar malaman Jami'ar Delhi suka yi tsaye suka ƙi. Mai kallo daga nesa zai yi mamaki: malamai suna gudun 'yanci? Amma su sun lura cewa dokokin jami'a, duk da nauyinsu da jinkirinsu, su ne katangar da ke tsakaninsu da masu makaranta. Cin gashin kan makaranta daban, 'yancin malami a aji daban, kuma na farkon yana iya samuwa a kan asarar na biyun.

Ba ina cewa tsohon tsarin ya fi ba ne. Kwalejojin da suka shiga da malamai tsayayyu da ɗakunan karatu da al'adar shawara a tsakanin ma'aikata sun amfana ƙwarai: manhajarsu tana sabuntuwa a kan kari, sakamako yana fita a kan lokaci. Su ma jami'o'in ba don kishin inganci kaɗai suke jan ƙafa ba. Kuɗin rajistar kwalejoji da na jarrabawa babbar hanyar shigarsu ce, kuma kowace kwaleji mai kyau da ta fice ta tafi da rabonta. Ba mamaki Jami'ar Mumbai ba ta saki ko ɗaya daga manyan kwalejojinta na adabi da kimiyya ba sai 2010, lokacin da St. Xavier's ta samu. Har yau kwalejojin da suka sami matsayin ba su kai 5 cikin 100 ba, alhali manufar ilimi ta ƙasa ta 2020 ta ce za a kawar da tsarin goyon gaba ɗaya cikin shekara 15.

Mu ma a Nijeriya daga wannan tushe na Landan muka fito, sai dai ta wata ƙofa. Kwalejin Jami'a ta Ibadan, daga 1948 zuwa 1962, digirin Landan take bayarwa, amma malamanta suna da hannu a gyara manhaja da tsara tambayoyi da duba takardu, tare da masu jarrabawa na Landan. Ta wannan kafa ce tarihin Afirka ya sami gurbi a zamanin masanin tarihi Kenneth Dike. Haka Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano ta zauna ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962, ta zama kwalejin jami'a a 1975, sannan cikakkiyar jami'a a 1977. A duka biyun, malamai sun riga sun saba riƙe alƙalamin kafin a bar musu shi. Bambancin shi ne jami'a tana iya yin irin wannan reno ga kwaleji ɗaya ko biyu. Ba ta iya yi wa 700.

Yanzu da dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar ba da digiri da kansu, bayan shekarun da irin su ta Kano suka yi suna bayar da na Jami'ar Ahmadu Bello, abin dubawa shi ne yadda za a kafa majalisunsu na karatu: malamai nawa ne a ciki, wa ya zaɓe su, kuma wane ne daga waje zai riƙa duba tambayoyi da maki bayan wakilan Zariya sun daina zuwa.