Gandun Dajin W: daga 1954 zuwa yau

Mutumin Gidan Rumji ko Gazawa da ya ce zai je kallon ruwa, Tafkin Madarunfa yake nufi. Can ne iyakar abin da idonmu ya saba da shi. Amma idan ka bi babbar hanya ta Ƙwanni da Dosso har Yamai, ka karya kudu ta Say da Tamu, bayan tafiyar kilomita kamar 150 daga babban birni za ka isa Tapowa, ƙofar Gandun Dajin W, wanda ya cika shekara 70 a 2024 ba tare da an buga ko kalangu ɗaya ba.

Kogin Kwara ne ya raɗa masa suna. A daidai nan kogin ya yi lanƙwasa bayan lanƙwasa, har ya fito a taswira tamkar harafin W na boko. Turawan Faransa suka keɓe wurin a 1937, suka mai da shi dajin da aka haramta farauta a cikinsa a 1953, sannan ranar 4 ga Agusta 1954 doka ta ba shi matsayin gandun daji na ƙasa. Kason Nijar hekta 220,000 ne, tsakanin kogin Tapowa ta arewa da Mekuru ta kudu, sauran kuwa na Benin da Burkina Faso, waɗanda a lokacin ake kira Dahome da Volta.

Takarda dai a ofis aka sa mata hannu, amma waɗanda suka kafa gandun a ƙasa su ne masu gadin daji na farko da ƴan bin sawu, yawancinsu mutanen yankin, Gurmawa da Zabarmawa da Fulani. A ƙafa suke sintiri, cikin dajin da ƙudan tsando da cutar makantar kogi suka daɗe da rage wa mutane. Su suka san inda giwa ke shan ruwa da rani, su ke bambance sawun zaki da na kura a kan busasshen laka, su suka sare hanyoyin da motocin baƙi suka bi daga baya. An tashi wasu ƙauyuka, ba a musu. Kukokin da ke tsaye rukuni-rukuni a tsakiyar daji kufai ne na mutane. Sai dai da ba a shata iyakar nan ba, da tuni gatari da garma sun gama da wurin, kamar yadda suka yi wa dazukan da kakanninmu ke ba da labari a ƙasar Katsina da Gobir.

Bayan samun ƴancin kai a 1960 abubuwa sun ɗan yi sanyi. Farin 1973 da na 1984 suka koro garken shanu kudu, kuma ba wanda zai ga laifin makiyayin da ya hangi ciyawa a tsallaken iyaka. Gandun ya jure. A 1987 ya shiga jerin dausayoyin Ramsar, a 1996 UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya.

Zamanin da tsofaffin ma'aikata ke tunawa da murmushi shi ne daga 2001 zuwa 2008, lokacin shirin ECOPAS da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa. Aka gyara hanyoyi, aka horar da ƴan rakiya, aka ƙidaya dabbobi daga jirgin sama, ƙasashe uku suka zauna a tabarma ɗaya har aka ayyana W yankin kariya na haɗin gwiwa a 2002. Daga sanyin Disamba zuwa zafin Afrilu otel ɗin Tapowa ba ya rabo da baƙi. Da yamma a tsaya a kan duwatsun kwazazzabon Tapowa, ana kallon ɓauna da gwanki da giwa suna saukowa ruwa, birai na ta tsalle a gefe. Wasu su shiga kwalekwale neman dorina. Ta ɓangaren Benin kuwa, mutum kan taso daga bakin teku a Kwatano, ya bi ta Paraku da Kandi, don kawai ya ga inda Mekuru ke zubowa daga kan dutse a wurin da ake kira Kudu. Ga wanda ya tashi a ƙasar rairayi irin tamu, jin ƙarar ruwa yana faɗowa daga sama kaɗai ya biya kuɗin mota.

Yanzu rashin tsaro a yankin ya sa ƙafar baƙi ta ɗauke, amma dabbobin ba su san da haka ba. Mafi yawan zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma suna cikin W da maƙwabtansa Arli da Panjari, waɗanda UNESCO ta haɗa wuri guda a 2017, tsuntsaye kuma sun haura iri 350. Mu mutanen jahar Maraɗi bai kamata a yi mana dogon bayani kan amfanin kare daji ba. Manoman Ɗan Saga a ƙasar Agye sun dawo da itatuwa gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, kuma a 2018 aka kawo raƙuman dawa takwas daga Kure zuwa Gadabeji. Abin da masu gadin Tapowa ke jira shi ne mota mai lafiya, da mai, da albashi a kan kari, sai kuma ranar da ƴan makarantar Gazawa za su sauka a bakin ƙofar da jakunkunansu.