Amosanin ido da yaron da aka daɗe ba a duba ba

Tun wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, likitocin Masar suka rubuta maganin gashin ido da ke lanƙwashewa ciki yana kartar ƙwayar ido. Daga nan har ƙarni na 20, babba ake dubawa idan ana maganar amosanin ido: tsohuwa mai matsefata rataye a wuya tana tuge gashin idonta ɗaya bayan ɗaya, ko sojojin Turai da suka kwaso ciwon daga Masar bayan mamayar Napoleon ta 1798, ko baƙin da jami'an Amurka ke juya wa fatar ido da ƙugiya a tsibirin Ellis. Ƙarshen ciwon aka yi ta kallo, alhali mafarinsa na goye a bayan uwa.

Sai a shekarun 1950 wani mai bincike, Tang Feifan, ya ware ƙwayar cutar a birnin Beijin, bincike kuma ya tabbatar da cewa idon ƙananan yara ne matattararta. Kwantsa da majina ke ɗauke da ita, yatsa da bakin zane da ƙuda su kai ta wani idon. Kowane kamu yakan bar ɗan tabo a cikin fatar ido, tabon ya yi ta taruwa shekara da shekaru har ya janyo gashin ido ya lanƙwashe ciki. Shi ya sa mata, masu goyo da share fuskar yara, suka fi maza makancewa. Man ido na tetracycline yana aiki, amma shafa shi sau biyu a rana har mako shida wa yaro mai kuka da fizge-fizge abu ne da uwa mai daka da ɗiban ruwa ba kasafai take kammalawa ba. Gwajin da aka yi a Gambiya a 1993 ya nuna shan azithromycin sau ɗaya ya wadatar, daga 1998 kuma kamfanin Pfizer ya fara bayar da shi kyauta, ana raba wa gari sukutum shekara-shekara. Jariran da ba su kai wata shida ba aka bar su da man shafawa.

Akwai masu cewa Turai ta rabu da ciwon da ruwa da sabulu, ba da rabon magani ba, don haka a jira ci gaba. Gaskiya ne, sai dai wannan jira ya ci zuriya bayan zuriya, yaron da ke kamuwa bana kuwa tabonsa ba zai jira famfo ba. Gana ta kawar da ciwon daga jerin matsalolin lafiyar jama'a a 2018, Gambiya a 2021, Mali a 2023, duk da talaucin ƙauyukansu. Wasu kuma na ganin maganin kaɗai ya isa. Yankin Amhara na Habasha ya ƙaryata su: an shafe fiye da shekara goma ana rabo, ciwon yana komawa idon yara, domin ƙudan da ke yaɗa shi a kashin da aka bari a fili yake hayayyafa. Yawan rabon kuma yana sa wasu ƙwayoyin cuta su daina jin maganin, kamar yadda aka gani a jihar Dosso ta Nijar. A ganina maganin lokaci yake saya wa gari, lokacin da za a haƙa rijiya da masai, a kuma tabbatar ɗan goye ya sami rabonsa ranar da masu rabo suka zo.