Azurfa a Wuyan Kwalba: Dalilin Rashinta a Kayan Gidan Birnin Katsina

Tsakure

Wannan maƙala ta duba kwalbar barasa mai wuyan azurfa da Turawa suka yayata a ƙarni na 19, ta tambayi abin da ya hana irinta samun gindin zama a tsofaffin unguwannin Katsina kamar Kambarawa. Matsayarta ita ce hukuncin fiƙihu a kan mazubin azurfa ya fi haramcin giya bayyana wannan rashi.

Gabatarwa

A Ingila kwalbar ta bunƙasa ne bayan soke harajin gilashi a 1845 da yarjejeniyar ciniki da Faransa ta 1860, wadda ta saukar da kuɗin fiton giyar inabi. Maƙeran Landan da Bamingam suka riƙa ɗora wa gilashi wuya da mariƙi da murfi na azurfa mai tsabtar kashi 925 cikin 1,000, suna buga mata hatimin zaki. Game da rashinta a Katsina kuwa, ra'ayin da ya fi yawo shi ne addini ya haramta giya, yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta taƙaita shigo da barasa, Turawan mulki kuma suka hana sayar da ita ga 'yan ƙasa a Arewa, don haka babu abin bincike. Wannan amsa ta yi gaggawa. Domin gwada ta, an gwama littattafan Malikiyya da rahoton matafiya da kayan ɗakin da aka gada.

Sakamako

Da a ce giya ce kaɗai matsalar, da mun tarar da butar azurfa, da shantalin azurfa, da ludayin azurfa na shan fura a gidajen attajirai, tunda ruwa da fura halal ne. Abin da aka saba gani shi ne tasar tagulla, akushin itace, tulun yumɓu da ƙwarya mai zane. Azurfa kuwa ta tafi hannun mata a matsayin munduwa da awarwaro, ta tafi yatsan namiji a zobe, ta hau kuben takobi. Wannan rabo ya bi sawun abin da almajiri ke karantawa a zaure. Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana sha a mazubin zinariya da azurfa, Muhtasar na Halil kuma ya hana har mallakarsa, ko da ga mace, alhali ya halatta wa namiji zobe da adon takobi da na Alƙur'ani. A kan mazubin da aka ɗaure da azurfa ko aka sa masa zobenta, wato ainihin siffar kwalbar Turawa, Halil ya kawo zance biyu, kuma mai tsantseni yakan kauce wa wurin saɓani.

Mai ja zai ce ƙarancin azurfa ne. Amma dalar Mariya Tariza, mai ɗauke da shekarar 1780, ta yi ta ƙetaro Sahara, maƙeran fari suna narka ta. Matafiyin nan Barth, wanda ya ratsa Katsina a 1851, ya tarar ana canjin dala a wuri 2,500 a Kano. Wani zai ce rashin gwaninta ne, to wanda ya iya murɗa zaren azurfa ya yi awarwaro ba zai gaza ɗaure wuyan buta ba. Ko Masaga, masu aikin gilashi na Bida, da suka riƙa narka kwalaben Turawa, abin wuya da na hannu suka yi da su.

Kammalawa

Dole a yarda cewa hujja daga rashin abu tana da rauni, domin azurfa kan koma wuta idan gado ya rabu, kuma kyautar baƙi na iya ɓoyuwa a fada. Sai dai wannan bai rushe tsarin da aka nuna ba. Ya kamata masu kula da kayan tarihi a Katsina su rubuta kayan ƙarfen tsofaffin gidajen Kambarawa da maƙwabtanta, da sunan kowane da amfaninsa, kafin magada su kai su kasuwa.