Daga Tsohon Gwado Zuwa Rigar Gwanjo: Tarihin Tsumman 'Ya'yan Awakinmu

'Yan uwa mata da iyalanmu, tunda Allah ya sake nuna mana zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, bana mun ga ya dace mu waiwayi wani abu da bai taɓa shiga littafin lissafinmu ba, wato buhun tsumman nan da muke tarawa duk ƙarshen damina. 'Ya'yanmu na yi mana dariya in sun ga ɗan akuya sanye da rigar sanyi yana tsalle a tsakar gida. To, bari su ji inda abin ya samo asali.

Akuya takan ɗauki ciki wata biyar. Wadda ta ɗauka a tsakiyar damina, wajen Yuli ko Agusta, haihuwarta sai Disamba ko Janairu, daidai lokacin da hunturu ya kankama, iska na kaɗawa, ruwan randa kamar ƙanƙara da asuba. Ɗan yana faɗowa a jiƙe, jikinsa ba kitse. In uwar ta haifi biyu ko uku, ba ta gama lashe su da wuri. Wanda sanyi ya kama ba ya iya tsayawa ya sha nonon farko, wanda bai sha ba kuwa sanyin ƙara cin sa yake yi. Da yawa cikinmu mun taɓa buɗe ƙofa da safe muka tarar da gawa a gindin turke. Ga macen da ke cikin gida, wannan asarar kuɗin makaranta ce, ko kwanon kayan ɗakin 'yarta, ko zubin adashin watanni.

Kakanninmu sun san wannan tun Hotoro tana ƙauye, gonaki kewaye da ita. A zamaninsu tufa abu ne mai tsada, domin da hannu ake komai: mata su kaɗa auduga da mazari, masaƙa su saƙa, marina irin ta Ƙofar Mata su rina. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Abin da aka sha wahala haka kafin a same shi ai ba a jefar da shi. Zane in ya tsufa ya koma majanyi, majanyi ya koma gammo, gwado in ya yage a yanka a lulluɓe ɗan akuya ko a rufe kwandon 'yan tsaki.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai buhun algarara ya cika gari. Wanda ya huje, dillali ba ya so, shi mata ke karɓa su shimfiɗa a ɗakin awaki, su kuma tare ƙofa da shi saboda iska. Haka aka yi ta yi har shekarun 1970, lokacin da fari da cutar gyaɗa suka kawo ƙarshen dalar gyaɗa.

Kafin nan masana'antu sun fara tashi, Bompai da farko, sannan Sharaɗa da Chalawa. Mazajenmu da yayyenmu da dama sun yi aiki a masaƙu, wasu kuma a kamfanonin jima, inda fatar akuya ke ƙarewa. Kada mu manta, fatar jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi ita Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko, saboda ta can fatake ke bi da ita. Ke nan ɗan akuyar da muka tsare daga sanyi a Hotoro, wata rana fatarsa na iya zama takalmi a Italiya. A wancan lokaci tsumma ya wadata. Yadi ya yi araha, teloli na zubar da ƙyallaye buhu-buhu, maigida kuma in an ba shi sabon kakin aiki, tsohon namu ne.

Daga 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin SAP, darajar Naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Ga rashin wutar lantarki, ga tsadar baƙin mai, ga atamfar waje mai araha da ta mamaye Kantin Kwari. Masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wallahi akwai gidajen da a shekarun nan awakin uwargida ne suka riƙe tukunya. Maigida ya dawo da takardar sallama, ita kuma ta kai bunsuru kasuwar 'Yan Awaki ta Unguwa Uku ta dawo da kwanon masara. A irin wannan hali ne da yawanmu muka gane cewa kiwo jari ne, kuma kowane ɗan akuya da ya tsallake hunturu riba ce.

Abin mamaki, kayan da suka taimaka wajen durƙusar da masaƙunmu, a cikinsu muka sami tsumman yau. Gwanjo daga Turai da Amurka yake zuwa, dila-dila, yawancinsa ta Kwatano, ya sauka a kasuwanni irin su Ƙofar Wambai. Rigar sanyin da wani yaro ya gama da ita a Ingila, ɗanmu ya sa ta shekara biyu, ƙaninsa ya gada, in gwiwar hannu ta huje sai ta zo buhunmu. Hannun rigar babba ɗaya ya ishi ɗan akuya: a yanke shi, a huda ƙofa biyu na ƙafafun gaba, shi ke nan.

Abin da shekaru suka koya mana, ga shi don sababbin shiga. A fara goge jaririn ya bushe, a tabbatar ya kama nono, sannan a sa masa riga. A bar gindi da wutsiya a buɗe, domin da sansana uwa ke gane ɗanta, in ta ji baƙon wari tana iya tunkuɗe shi. Na namiji a rage ta ƙasan ciki kada fitsari ya jiƙa ta, don jiƙaƙƙen tsumma ya fi rashinsa illa. In rana ta ɗaga a cire, a shanya. A cire maɓalli da zare mai lilo, kuma kada a kuskura a yi amfani da leda ko buhun roba, domin akuya na ci, ya dunƙule mata a tumbi. Kwana kaɗan ya isa, da ya yi ƙarfi ba ya bukata. Sannan don Allah a daina kai kaskon wuta ɗakin dabbobi. Hunturu lokacin gobara ne, ga harawa a bushe.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Iyayenmu ba su bar mana kamfani ba, amma sun bar mana sanin darajar abin da ke hannu. Saboda haka kafin sanyin bana ya shigo, kowace ta duba ƙasan akwatinta, ta wanke abin da yara suka gama da shi, ta kawo ranar taro, a raba wa waɗanda awakinsu ke da ciki. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya albarkaci kiwonmu, ya maimaita mana. Amin.